Yadda jirgin da aka ƙera a 1940 ya zagaya duniya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ina karatun gyaran jirgin sama, sai na ci karo da labarin wani jirgi mai farfela, DC-3, wai an ƙera shi a 1940 amma ya zagaya duniya a 2017. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya ake tayar da jirgin da ya tsufa haka har hukuma ta yarda ya tashi? Yaya ake kula da shi a hanya? Kuma tsakani da Allah, wannan ba ganganci ba ne da rayukan mutane? Allah ya ƙara girma.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Labarin gaskiya ne. Jirgin da ka gani lambar rajistarsa a lokacin HB-IRJ ce, ta ƙasar Suwizalan. Kamfanin Douglas ne ya ƙera shi ya miƙa wa American Airlines a watan Maris na 1940. Sojan Amurka sun yi aiki da shi lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya ya koma ɗaukar fasinja, yana ta canza hannu har 2008, lokacin da wani matuƙi mai suna Francisco Agullo da abokansa suka saye shi suka yi masa garambawul. Ranar 9 ga Maris 2017 ya tashi daga Janeba, kamfanin agogo na Breitling ke ɗaukar nauyi. Ya bi ta Gabas ta Tsakiya da Indiya da kudu maso gabashin Asiya zuwa Japan, ya tsallaka Alaska, ya ratsa Amurka, ya dawo Turai ta Girinlan da Aislan, ya sauka a garin Sion a watan Satumba. Kimanin kilomita 45,000 ke nan, yana da shekara 77.

Shekarun nan su suka ɗaure maka kai, amma a wurin mai gyara su ne ƙaramar magana. Abin da muke tambaya shi ne awa nawa jirgi ya yi a sama, sau nawa ya tashi ya sauka, wace irin iska ya kwana a cikinta (ta bakin teku mai gishiri ce ko busasshiya ta hamada), sai babbar tambaya: an rubuta duk abin da aka yi masa, ko akwai shekarun da ba wanda ya san hannun wa ya shiga jikinsa?

Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ka miƙe, ka lanƙwasa ka miƙe, za ta karye ba tare da ka sa wani ƙarfi ba. Ita ce gajiyar ƙarfe da malamanku ke koya muku. Jirgin fasinja na zamani yana hawa sama da mita 10,000, inda iska ba ta isa numfashi, don haka ake hura masa iska a ciki. Duk tashi gangar jikinsa ta ɗan kumbura, duk sauka ta saki. Bayan dubban tafiye-tafiye sai tsaga ta fara fitowa daga ramukan kusoshi. Haka aka yi da Boeing 737 na kamfanin Aloha a Hawai cikin Afrilun 1988: rufinsa ya yaye yana sama, shekararsa 19 kacal, amma ya yi tashi da sauka kusan 90,000, ga gishirin teku. DC-3 kuwa ba a hura masa iska. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, wajen mita 3,000, jikinsa bai san wannan kumburin ba. Sannan injiniyoyin da suka tsara shi wajen 1935 ba su da kwamfutar da za ta nuna musu iyakar abin da za su iya ragewa, sai suka zuba kaya fiye da buƙata. Fiffikensa ginshiƙai uku ne da haƙarƙari masu yawa suka raba nauyinsa, in ɗaya ya tsage sauran za su riƙe har a gano.

Ga kuma yawa. An ƙera sama da 16,000 in ka haɗa da na soja, wato C-47, da waɗanda Tarayyar Sobiyet da Japan suka yi. Shi ya sa har gobe ana samun kayan gyaransa, wasu ma sababbi fil a cikin takardar maiƙon da aka naɗe su tun zamanin yaƙi. Littattafan gyara na nan, masu sanin jirgin na nan, domin har yanzu yana aikin neman kuɗi a arewacin Kanada da dazuzzukan Kolombiya. Wanda zai tayar da tsohon jirgi, rabin nasararsa tana ga irin jirgin da ya zaɓa. Dubi Lufthansa, kamfanin da ba wanda zai koya wa gyaran jirgi. Sun ɗauko Lockheed Starliner, jirgi mai inji huɗu da 44 kaɗai aka taɓa ƙerawa, suka fara aikinsa a garin Auburn na jihar Maine a 2008, da niyyar ya ɗauki fasinja bisa ƙa'idojin zamani. Shekara goma ana abu ɗaya. A 2018 aka dakatar, bayan an ruwaito cewa kuɗin da aka kashe sun kai wajen Yuro miliyan 150, aka kwance jirgin aka kai shi Jamus a jirgin ruwa don ajiya. Duk ɓangaren da suka buɗe suka tarar ya lalace, babu kantin da za su saya, sai dai su ƙera sabo su kuma nemo masa amincewar hukuma.

To yaya ake fara aikin? Kafin a taɓa sifana, takardu ake fara dubawa. Jirgi yana da kundinsa, kowane inji da nasa, kowace farfela da nata. A ciki ake ganin awanni, da gyaran da aka yi, da wanda ya sa hannu. Akwai kuma umarnin gyara na dole da hukumar jiragen sama ke fitarwa duk lokacin da aka gano wata matsala a wani irin jirgi. A jirgi mai shekara 80 waɗannan umarnin tuli ne, kuma sai ka nuna an bi kowanne. Ɓangaren da ba a san tarihinsa ba, ko da yana sheƙi, ana ɗaukarsa a matsayin wanda wa'adinsa ya ƙare. Ni a ganina gara jirgi mai ƙura da cikakken kundi da mai sabon fenti da shafuka suka ɓace.

Daga nan sai tsiraita shi. A cire kujeru da daɓe da rufin ciki, a wanke fenti har sai fatar alminiyam ta fito. Nan ne za ka san ko ka yi ciniki ko ka sayi wahala. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Tasa farin gari ce, kuma tana da wuraren da take so: ƙarƙashin banɗaki, ƙarƙashin wurin dafa shayi, ƙasan ciki inda ruwa ke kwanciya in ramukan tsiyaya sun toshe, wurin batir, bayan salansa inda hayaƙi ke bi, da duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu. Jirgin da ya daɗe a ajiye kuma, sheƙar tsuntsu da fitsarin ɓera sun ishe shi. Ka shiga cikin fiffike da tocila da ɗan madubi, ka ga gefen ginshiƙi ya ɗan kumbura, ka sa farce ka ɗaga, ƙarfen ya rabu fale-fale. Wannan ba ta gogewa ba ce, ta ci daga ciki, sai a yanke a sa sabo. Ka ga kusa da baƙin zobe kewaye da kanta, da ɗan baƙin layi ya bi bayanta inda iska ke wucewa, to kusar ta saki, tana motsi tana niƙa ramin da take ciki.

Wurin da muka fi sa ido a DC-3 shi ne mahaɗar fiffike. Fukafukan waje ana ɗaure su ne a tsakiya da ɗaruruwan notuna a jere, kuma doka ce a riƙa kwance su lokaci-lokaci ana duba mahaɗar. Ido kaɗai ba ya isa. Ana shafa ruwan rini mai shiga tsaga, ana bi da na'urar lantarki mai jin tsagar da ke ɓoye, wani wurin har hoton ƙashi ake ɗauka irin na asibiti.

Akwai abin da zai ba ka dariya in ka fara gani: sassan wutsiya da na fiffike masu motsi, waɗanda matuƙi ke sarrafa jirgin da su, ba ƙarfe aka rufe su da shi ba, yadi ne. A da auduga ce, yanzu yadin roba ake ɗinkawa a shafe shi da magani har ya ɗame. In an gama fenti dole a auna daidaiton nauyinsu, don fenti kaɗan ya yi yawa a baya sai ɓangaren ya kama karkarwa a sama, karkarwar da kan iya yage wutsiya cikin daƙiƙu. Tiyon mai da na birki, wayoyin lantarki, robobi, duk ba a tattaunawa a kansu, canzawa ake yi. Igiyoyin ƙarfen da ke tafiya daga sitiyari zuwa wutsiya, tsumma ake bi da shi a kansu. Inda tsumma ya maƙale, akwai zaren da ya tsinke.

In kana son ka san girman aikin, dubi C-47 mai suna That's All, Brother, wanda ya jagoranci jiragen da suka sauke sojan laima a Nomandi a watan Yunin 1944. An gano shi a harabar kamfanin Basler a garin Oshkosh na Amurka, yana jiran a yanka shi a sauya masa inji. Ƙungiyar Commemorative Air Force ta saye shi a 2015, aka zuba masa awannin aiki sama da 20,000, ya sake tashi a Janairun 2018, ya tsallaka teku zuwa Nomandi a 2019. Wannan fa jirgi ne da aka samu a tsaye da ƙafafunsa.

Za ka ji masu cewa jirgin da aka canza wa fata da waya da inji ai ba na 1940 ba ne kuma. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman a wasu jiragen yaƙi da aka tono daga rami, waɗanda ɗan farantin lamba ne kawai na asali a jikinsu. Ni dai wannan gardamar ta masu tarihi ce. In zan hau jirgi, ba na neman tiyon mai na asali.

Yanzu inji, inda zan ɗan daɗe, domin nan ne yawancin tafiye-tafiyen nan ke tsayawa. Yawancin DC-3 da ke tashi yau suna da inji ƙirar Pratt & Whitney R-1830 guda biyu. Silinda 14 ne a kowanne, an jera su da'ira biyu kewaye da sanda ɗaya, iska ke sanyaya su, ƙarfin doki 1,200. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, wato 28 a inji ɗaya, da maganeto biyu masu ba su wuta, kowanne da nasa layin, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. An daɗe da daina ƙera wannan injin. Duk wanda ka gani yana aiki, tsoho ne da aka kwance aka yi wa garambawul, kuma bayan awa dubu ɗaya da 'yan ɗari sai ya koma. Wuraren da suka iya wannan aikin tsiraru ne, yawancinsu a Amurka, kuma masu hannun suna ta tsufa.

Tunda silindojin a da'ira suke, wasu kansu na kallon ƙasa. In jirgi ya kwana, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a cikinsu. Mai ba ya matsuwa. Ka tayar da inji a haka, fistin ya daki man nan, sandarsa ta lanƙwashe. Abin tsoron shi ne ba lallai ta karye nan take ba, tana iya jira sai kana tsakiyar teku. Shi ya sa kafin a ba inji wuta ake juya farfela a hankali ana ƙirga ganyenta suna wucewa. In ta cije, a tsaya. Ba a tilasta ta, ba a kuma mayar da ita baya, domin mayarwar tura man take yi cikin bututun shan iska, ya ɓuya, ya dawo in inji ya tashi. Sai a cire fulogin silindojin ƙasa, a tara bokiti, man ya zube. In inji ya kama kuwa, za ka ga farin hayaƙi ya turnuƙe har 'yan kallo su ja da baya. Ba komai ba ne, ragowar man ne ke ƙonewa. Haka ɗigar mai a ƙasan inji: kowane irin injin nan yana yi. Abin da mai gyara ke lura da shi shi ne ɗigar yau ta fi ta jiya, ko ta fito a sabon wuri.

Injin nan yana gaya maka ciwonsa tun kafin ya kwanta, in ka san inda za ka duba. Lokacin canjin mai ka ciro rariyar mai, ka wanke ta a cikin farin kwano, ka tace a farin ƙyalle, ka fita rana ka duba. Ka kawo mayen ƙarfe kusa. Abin da ya manne, ƙarfe ne, daga giya ko zoben fistin ko bangon silinda. Farin da bai manne ba alminiyam ne, yawanci daga fistin. Ja-ja tagulla ce. In kuwa ka ga 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli na azurfa, to gabanka ya faɗi, domin babban boris ɗin da ke riƙe da sandunan fistin da azurfa aka lulluɓe shi, kuma in ya fara zuba injin ya gama tafiya. Wannan binciken na minti kaɗan ya fi kowace na'ura da ke gaban matuƙi faɗin gaskiya.

Wani abin da sababbin masu jirgi ba su cika yarda da shi ba sai sun gani: ajiya ta fi tashi lalata inji. Wanda ke tashi duk mako mai na wanke cikinsa, zafi na korar laima. Wanda aka rufe wata shida don tattali, tsatsa ce ke cin bangon silindarsa.

Sai tafiyar kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan harkar gorar man fetur ce. DC-3 ba ya shan kananzir ɗin jiragen zamani. Fetur ɗin jirgi yake sha, wanda ake kira 100LL, mai launin shuɗi, da sinadarin dalma a ciki. Yana shan wajen lita 350 a awa, yana tafiyar kilomita 250 ko sama kaɗan. Yi lissafi da kanka: kilomita 45,000 awa 180 ke nan, wato lita sama da 60,000, duro 300 da ɗoriya, ban da shawagin nuna jirgi a garuruwa. A Amurka da Turai kusan kowane ƙaramin fili yana da wannan man. Da ka wuce Gabas ta Tsakiya zuwa Asiya, ko ka gangaro Afirka, manyan filaye da yawa ba su da ko ɗigo, domin jiragen da ke zuwa musu duk masu kananzir ne. Dole ka aika durarruka tun watanni kafin ka iso, ta ruwa ko ta mota, su wuce kwastan a matsayin kaya masu haɗari, su isa kafin kai, amma kada su daɗe har wa'adin man ya wuce.

In ka iso ka tarar da su, aiki bai ƙare ba. Ka duba hatimin murfi. Duro a kwance ake ajiye shi. Wanda aka bari a tsaye cikin ruwan sama da rana, ruwa na taruwa a kansa ya tsotsu ta murfi. Ka ɗebi man a kwalba ka ɗaga, ka ga shuɗi ne garau, ba ƙwallon ruwa a ƙasa. Ka ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur ɗin jirgi zai bushe ba tabo, in an gauraya shi da kananzir zai bar zoben maiƙo. Kada ka raina wannan gwajin. Inji mai fistin da aka ba kananzir yakan tashi lafiya lau da ragowar man kirkin da ke cikin bututu, sai an ba shi wuta sosai a lokacin tashi ya mutu, duka biyun a tare. Shi ya sa injiniyan tafiya ba ya barin kowa ya zuba mai ba ya tsaye a kan fiffike.

Wannan matsalar ba sabuwa ba ce a ɓangarenmu. Lokacin yaƙin duniya na biyu an harhaɗa jirage sama da 5,000 a Takoradi ta ƙasar Gana, aka bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da El Fasher da Khartum zuwa Masar, kuma DC-3 na cikin masu jigila a wannan hanyar. Abin da ya riƙe hanyar shi ne man da aka tara a kowane zango. Yau kuma ƙarancin fetur ɗin ne ya sa ake ɗaukar tsohon DC-3 a sa masa inji mai shan kananzir. Irin wannan, Basler BT-67, sojan saman Mali da na Muritaniya sun yi aiki da shi. Gaba ma akwai damuwa, domin kusan duk sinadarin dalmar daga kamfani ɗaya yake fitowa a Ingila, Innospec, Amurka kuma ta sa wa kanta ƙarshen 2030 don rabuwa da fetur mai dalma.

Tankunan DC-3 suna cin wajen lita 3,000, kusan awa takwas. Daga Obihiro a arewacin Japan zuwa tsibirin Shemya, sansanin sojan Amurka da sai da izini na musamman ake sauka, kimanin kilomita 2,500 ne, wato awa goma a kan ruwan sanyi, babu wurin ratsewa. Don haka a tafiyar HB-IRJ aka sa ƙarin tankuna a cikin ɗakin fasinja. Baƙin mai ma ana lissafa shi, domin injin nan yana ƙona lita huɗu ko fiye a awa. Hanyar Atlantika ta fi sauƙi: Goose Bay zuwa Narsarsuaq a Girinlan, zuwa Reykjavik, zuwa Sikotlan, kowane zango tsakanin kilomita 1,200 da 1,400. Ita jirage 15 suka bi a 2019 zuwa bikin tunawa da saukar sojan a Nomandi. Sauƙin nata na nisa ne kawai. Matuƙa suna sanye da rigar da ke hana ruwan sanyi kashe mutum, kwalekwalen roba na kusa da ƙofa, kuma jirgin da ba ya iya hawa saman gajimare dole ya ratsa su, ƙanƙara na kama fiffike da farfela da maƙogwaron kafireta. Ka lura da kalandar masu HB-IRJ: tashi a Maris ya sa sun wuce Indiya kafin damina, sun tsallaka tekunan arewa da bazara. A ƙasashe masu zafi kuma da asuba ake tashi, don iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi mai nauyi, inji mai sanyin iska kuma yana dahuwa in aka tsayar da shi a layi yana jiran izini.

Takardu ma wata tafiya ce. Kowace ƙasa sai ka nemi izinin ratsa samaniyarta da na sauka, wani izinin na ranar da aka rubuta ne kawai. Hadari ya tsare ka kwana biyu, ka koma neman sabo a ƙasashe uku na gaba. A nan DC-3 yana da gata, don yana iya riƙe cikakkiyar takardar shaidar lafiyar jirgi wadda ƙasashe suka yarda da ita tun yarjejeniyar Chicago ta 1944. Jiragen yaƙi irin su Spitfire yawanci takardar izini ta ƙasarsu kaɗai gare su, sai kowace ƙasa ta amince daban. Duk da haka an yi: Spitfire ƙirar 1943 da aka gyara a Duxford ya bar Goodwood a Ingila ranar 5 ga Agusta 2019 ya dawo 5 ga Disamba, Steve Brooks da Matt Jones na karɓa-karɓa, wani jirgin zamani, Pilatus PC-12, na biye da shi da injiniya da kayan gyara. Ƙara da rediyo da na'urorin nuna matsayi na zamani da dole a sa, da inshorar da a Turai ake yanka ta bisa nauyin jirgi. Kuɗin shigar 'yan kallo ba ya biyan wannan. Shi ya sa duka tafiye-tafiyen biyu kamfanonin agogo ne a bayansu. Breitling ma agogo 500 ya zuba a cikin jirgin suka zagayo duniya, sannan aka sayar.

Kayan gyaran da ake ɗauka kuwa sanannu ne: silinda cikakkiya ɗaya ko biyu, maganeto, sitata, janareto, famfon mai, kafireta, taya, fulogi kwali-kwali. Canza silinda a filin da babu rumfa, a kan tsani, rana na dukanka, aikin yini ne ga wanda ya saba.

Ka tambaya ko ganganci ne. Ba zan ce maka babu haɗari ba, akwai, kuma ya fi na jirgin fasinja na yau nesa ba kusa ba. Amma ka karanta rahotannin bincike ka ga abin da ke kashe mutane. Ranar 4 ga Agusta 2018 Junkers Ju 52 ƙirar 1939 ya faɗi a tsaunin Piz Segnas a Suwizalan, mutum 20 suka rasu. Masu bincike sun tarar da tsatsa mai yawa a fiffikensa, abin da ya sa aka dakatar da 'yan'uwansa, amma ba ita ta kayar da shi ba. Matuƙa biyu ƙwararru ne suka shiga ƙunƙuntaccen kwari ƙasa-ƙasa, a hankali, ba wurin juyawa. Ranar 2 ga Oktoba 2019 tsohon jirgin yaƙi B-17 na gidauniyar Collings ya faɗi a filin Bradley a Amurka, mutum bakwai suka rasu. An samu maganeto mara lafiya a inji ɗaya da lalatattun fulogi a na kusa da shi, matuƙin kuma ya sauke taya da wuri ya bar gudu ya ragu. Shi ne matuƙi, shi ne kuma shugaban sashen gyara, wato babu wanda zai ce masa a'a. Inda ƙarfe ne da kansa ya gaza, kamar Grumman Mallard ƙirar 1947 da fiffikensa ya cire a Miami a Disambar 2005 da mutum 20, an tarar cewa tsagar ta daɗe tana nuna kanta, ana ta liƙe yoyon mai da facin fata ba a bi ta zuwa tushe ba. Har a zamanin da DC-3 ke sabo haka abin yake: a Janairun 1947 wani ya faɗi a Kofanhegan da mutum 22, cikinsu har yariman Suwidin, saboda an manta katakon da ake kulle wutsiya da shi don iska.

Don haka ni zan hau DC-3 in na ga abu uku. Mai sa hannu a gyara daban, mai tuƙi daban, kuma na farkon yana da ikon hana tashi ko da gwamna ne ke jira a wancan filin. Jadawalin tafiya yana da kwanakin banza a ciki, don alƙawarin biki da 'yan jarida shi ke tura mutane cikin hadari. Matuƙan kuma suna tashi da irin jirgin a kai a kai, domin jirgi mai ƙaramar taya a ƙarƙashin wutsiya, irin DC-3, yana da halinsa a ƙasa, iskar gefe kaɗan sai ya juya wutsiya gaba, kuma awa dubu ashirin a Airbus ba ta koya wa ƙafa wannan aikin.

Kai da kake makaranta, in abin ya shiga ranka, ka riƙe darasin inji mai fistin da kyau, kada ka ɗauke shi abin wucewa saboda kowa na hanƙoron manyan jirage. Ka koyi aikin fata: yankan alminiyam, lanƙwasa shi, buga kusa ta zauna daidai, cire ta ba ka faɗaɗa rami ba. Ka nemi horon gwajin tsaga, don takardarsa tana da kasuwa a kowane irin jirgi. Ƙananan jiragen koyon tuƙi masu fistin, maganeto ɗinsu da fulogi da binciken mai duk tsari ɗaya ne da na R-1830, girma ne kawai ya bambanta. Ƙungiyoyin da ke riƙe da tsofaffin jirage a Turai da Amurka da Ostareliya yawancinsu da 'yan sa-kai suke aiki, kuma abin da suka fi nema shi ne matashi mai lasisi da zai zauna kusa da dattawan ya karɓi aikin daga hannunsu.